Yadda Ake Shiga Aikin Kuza a Filato: Sanin Ƙasa, Lokacin Ruwa da Doka

Duk wanda ya yi niyyar neman abinci a aikin kuza a Jihar Filato, ko da jarinsa ko da ƙarfinsa, ya kamata ya fara sanin cewa ruwan sama ne ke tafiyar da wannan sana'a tun daga tushenta. Ruwa ne ya ɓantare ma'adinin daga jikin duwatsu ya tara shi a ƙasan tsofaffin ƙoramu, da ruwa ake wanke shi har ya zama abin sayarwa, kuma ruwan ne dai ke jiƙa bangon rami ya rufta da masu haƙa. Saboda haka wannan bayani zai bi aikin daga zaɓen wuri har zuwa rufe rami, yana auna kowane mataki da yanayin shekara, domin a nan ne sababbin shiga suka fi yin kuskuren da ke cinye dukiya da rai.

Ka fara sanin tudun da yanayinsa

Tudun Jos ya ɗaga sama da bakin teku da kimanin mita 1,200, kuma ƙololuwarsa a duwatsun Shere, gabas da birnin Jos, ta kai wajen mita 1,829. Wannan tsawo ne ya sa yanayin wurin ya bambanta da na Kano ko Bauchi, duk da cewa tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. A Jos ana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, yana farawa a Afrilu ya ɗauke a Oktoba, kuma ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, lokacin da marka kan sa a wuni ba a ga rana ba. Gefen kudu maso yamma na tudun, wanda ke fuskantar iskar da ke ɗauko danshi daga teku, ya fi gefen arewa maso gabas samun ruwa. Ƙanƙara ma takan sauka a wasu shekarun, musamman tare da hadarin farkon damina. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa hunturu ne, inda sanyin dare kan sauko zuwa kusan digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, sannan Maris da farkon Afrilu su zo da ɗan zafin da ake samu a wurin.

Kada a ɗauka cewa jihar duka haka take. Da zarar an gangara kudu zuwa Shendam, Langtang da Wase, an bar sanyi a baya, an shiga zafin kwarin Binuwai, kuma duwatsun ƙasan ma sun sauya. Kuza da kwalambait, wani baƙin ma'adini mai nauyi da ake samu tare da ita, na kan tudu ne, a ƙananan hukumomin Jos ta Arewa, Jos ta Kudu, Jos ta Gabas, Bassa, Riyom, Barkin Ladi, Bokkos da Mangu. Dalma da tutiya kuwa an fi sanin su a Zurak da ke Ƙaramar Hukumar Wase, kuma haƙarsu wani aiki ne daban mai nasa haɗarin. Akwai kuma farar ƙasa a yankin Barkin Ladi da duwatsun ado a wurare da dama, amma wannan bayani ya tsaya ne a kan kuza da abokiyar zamanta kwalambait, domin su ne suka fi ɗaukar ƙananan masu haƙa.

Inda kuza take kwance

Asalin kuza yana cikin wasu ƙaƙƙarfan duwatsu da suka narke a cikin ƙasa suka daskare tun kimanin shekaru miliyan 160 da suka wuce, waɗanda suka fito da siffar zobe a wurare kamar Jos da Bukuru, Ropp da Sha. Shekara da shekaru ruwan damina yana dukan waɗannan duwatsu suna rugurgujewa, yana kwashe yashi da laka marasa nauyi ya tafi da su nesa, kuza kuwa saboda nauyinta sai ta nutse ta zauna a ƙasan magudana tare da tsakuwa. Daga baya aman wuta ya malalo a wasu sassan ya binne tsofaffin ƙoramun a ƙarƙashin baƙin dutse da jan yumɓu. Wannan shi ne dalilin da ya sa za ka ga ana haƙa rami mai zurfi a tsakiyar gona inda babu alamar rafi ko kaɗan, domin rafin da ake nema yana can ƙasa, ya daɗe da ƙafewa.

Mai neman wuri yana da hanyoyi uku na samun haske kafin ya kashe kuɗinsa. Ta farko ita ce taswirar duwatsu ta Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, wadda aikinta ya faro tun 1919, kuma tudun Jos na cikin wuraren da ta fi bincika. Ta biyu ita ce sawun kamfanonin da suka gabata. Tun kafin Turawa su zo, maƙeran Ririwai suna narka kuza suna sayar wa fatake, sannan a farkon shekarun 1900 kamfanonin Ingila suka soma haƙa a wajen Naraguta, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 ya riƙa ba wuraren haƙar wutar lantarki daga ruwan Kurra, aikin kuma ya kai ƙololuwarsa a 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da aka riƙa kawo mutane aikin tilas daga lardunan Arewa. Garuruwa irin su Bisichi, Tenti, Gindin Akwati, Dorowa da Gana Ropp duk barikokin wannan zamani ne. Tulin ƙasar da kamfanonin suka bari a waɗannan wurare yakan ƙunshi ragowar ma'adini, musamman kwalambait, wadda a farko ba a ɗauke ta da daraja ba sai a shekarun 1950, lokacin da Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen samar da ita. Hanya ta uku ita ce dattawan wurin da suka yi leburanci ko suka gaji gonakin. A ganina wannan ita ce hanyar da masu zuwa daga nesa suka fi rainawa, alhali tsohon da ya san inda ruwa ke tsayawa da inda aka taɓa haƙa aka rufe yana iya kuɓutar da kai daga faɗawa tsohon rami da babu shi a kowace taswira.

Bayan haka sai gwaji. A haƙa ƙananan ramuka jere da juna, a ɗebi tsakuwar da ke kwance kai tsaye a kan dutsen ƙasa, a auna ta da kwanon sarki, a wanke a ga yawan baƙin yashi mai nauyi da ya rage, wanda kuzar take cikinsa. A riƙa rubuta zurfin kowane rami da abin da ya bayar, domin rami ɗaya mai albarka ba ya nuna cewa filin duka haka yake, kuma tsohuwar ƙorama tana lanƙwasa a ƙarƙashin ƙasa yadda ta sama take yi.

Takardu kafin diga

Sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, Dokar Ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011 kuma su ne suka shimfiɗa yadda ake neman izini. Ma'anar wannan ita ce mai gona ba shi ne mai kuzar da ke ƙarƙashin gonarsa ba, haka kuma yardar mai gona ko ta mai unguwa ita kaɗai ba ta zama lasisi. Ofishin rajistar filayen ma'adinai na tarayya, wanda aka fi sani da MCO, shi ne ke ba da lasisi, bisa ƙa'idar wanda ya riga nema shi ake fara dubawa, kuma yanzu ana shigar da buƙata ta intanet. Abin da ya dace da ƙaramin mai haƙa shi ne lasisin ƙaramin aikin haƙa, wanda filinsa ba ya wuce murabba'in kilomita 3, wa'adinsa shekara 5 ne, ana kuma iya sabunta shi. Ɗan ƙasa shi kaɗai yana iya nema, kamfani mai rajista ma haka, amma abin da ya fi sauƙi ga masu ƙaramin ƙarfi shi ne su haɗu su yi rajistar ƙungiyar gama kai ta masu haƙa, su raba nauyin kuɗin da na takardu, musamman da yake an ƙara kuɗaɗen lasisi a 2024.

Kafin ka biya kowa ko sisi, ka ɗauki lambobin wurin da na'urar GPS ka bincika ko filin yana cikin lasisin wani, domin yawancin wuraren da aka san su da kuza suna da masu riƙe da takardunsu. Idan haka ne, hanyar da ta rage ita ce yarjejeniya a rubuce da mai lasisin. Dokar ta kuma hana haƙa a cikin gari, kasuwa, maƙabarta, wuraren ibadar gargajiya da wuraren tarihi, da kusa da layin dogo ko madatsar ruwa. Ana buƙatar takardar amincewar mai filin, kuma a nan nake roƙon a yi taka-tsantsan ƙwarai, domin a Barkin Ladi, Riyom, Bokkos da Mangu maganar fili magana ce da ta sha jawo zubar da jini. A zauna da masu gonar da shugabannin al'umma a gaban shaidu, a rubuta diyyar amfanin gona, da rabon da za a ba su, da wanda zai rufe ramin idan an gama.

Gwamnati ta daina kawar da kai daga wannan harka. A Maris 2024 an ƙaddamar da dakaru na musamman daga rundunar Sibil Difens domin kama masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba, a Fabrairu 2025 kuma Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu a kan umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a faɗin jihar saboda matsalar tsaro da lalacewar ƙasa. Don haka bayan takardar tarayya, ka tuntuɓi ma'aikatar jiha mai kula da ma'adinai ka ji sharuɗɗan da ke aiki a lokacin da za ka fara.

Tsara aikin bisa watanni

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi muhimmanci. Ramin da masu haƙa ke kira loto rami ne ɗan matsattse da ake nutsawa da shi tsaye kamar rijiya har a tarar da tsakuwar kuza, sannan a riƙa bin ta ta gefe a ƙarƙashin ƙasa. Ƙasar da ke saman wannan tsakuwa yawanci yumɓu ne da ruɓaɓɓen dutse, wanda da rani yake tsayawa da ƙarfinsa, amma idan ya sha ruwa sai ya yi nauyi ya saki jiki ba tare da wata alama mai tsawo ba. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa da haƙa mai zurfi shi ne daga Disamba zuwa ƙarshen Maris. Oktoba da Nuwamba suna yaudarar mutane, domin sama ta washe, hanya ta bushe, amma ƙasa tana nan cike da ruwan da ta sha wata shida, kuma ruwan ƙarƙashinta bai sauka ba tukuna. Waɗannan watanni biyu a yi amfani da su wajen kammala takardu, gyaran hanya, tanadin katako da igiya, da gwajin saman ƙasa.

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a Afrilu, a soma janye mutane daga ramukan gefe. Daga Yuni zuwa Satumba bai kamata a bar kowa ya shiga loto ba, kome kyawun abin da aka tarar, domin ruwan da aka yi a kan dutse da nisa yana iya gangarowa ya cika rami cikin ɗan lokaci, ko da a bakin ramin ba a ga ɗigo ba. Na san cewa damina ce lokacin da ruwan wanki ya wadata, kuma wannan ne ke jan mutane su ci gaba da haƙa a cikinta. Mafita ita ce a raba aikin gida biyu: a haƙa da rani a tara tsakuwar a tudu, a kewaye ta da duwatsu don kada ruwa ya kwashe ta, sannan a wanke ta da damina. Wannan tsari yana buƙatar jarin da zai ciyar da ma'aikata na wasu watanni kafin a ga kuɗi, kuma wannan wani dalili ne na shiga ƙungiya maimakon aiki a ɗaiɗaiku.

Ko da rani ma akwai ƙa'idojin da ba a sassauta su. A zubar da ƙasar da aka fitar nesa da bakin rami, domin nauyinta yana danne bango. A tokare ramukan gefe da katako mai ƙwari, kuma a bar ginshiƙan ƙasa a tsakani, kada kwaɗayin kuzar da ke jikinsu ya sa a cinye su, domin su ne ke riƙe da rufin. A bar tazara tsakanin ramin wata ƙungiya da na wata, don kada su haɗu a ƙasa su raunana wurin duka. Injin janye ruwa mai amfani da fetur ko dizal a saman ƙasa yake zama, a juya bakin hayaƙinsa nesa da ramin, domin hayaƙin yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana sa mutum jiri da kasala har ya kasa kama igiya. A haƙa rami na biyu domin iska ta riƙa zagayawa, ya kuma zama mafita idan na farko ya toshe. Kullum a bar mutum a sama wanda ya san adadin waɗanda suka shiga da sunayensu. Sanyin hunturu ma abin lura ne, domin wanda ya fito daga rami a jiƙe da asuba ya shiga iskar Janairu yana buƙatar busassun tufafi da wurin jin ɗumi, amma kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki. Yara kuwa ba su da wuri a bakin rami ko a cikinsa, doka ta hana, kuma barin makaranta saboda kuza na cikin abubuwan da suka fi damun al'ummomin yankin.

Wanki da rarrabewa

Kuza ta fi yashi nauyi fiye da ninki biyu da rabi, kuma a kan wannan bambanci ne wankin ya dogara. Ana zuba tsakuwa a doguwar magudana mai ɗan gangara, a sako ruwa a hankali ana motsawa da shebur, yashi ya wuce, mai nauyin ya kwanta a baya. Abin da ya rage sai a ƙarasa shi da hannu a cikin kwano, kamar yadda ake rege shinkafa a ƙwarya a raba ta da tsakuwa. Idan ruwan ya yi ƙarfi zai tafi da ƙananan ƙwayoyin kuza, idan ya yi rauni kuma yashi zai cushe magudanar, don haka a riƙa ɗiban abin da ke fita ta ƙarshe ana dubawa.

Kada a saki ruwan wanki kai tsaye cikin rafi. Daga wannan tudu ne kogin Kaduna da Gongola da ƙoramun da ke ciyar da kogin Jama'are suke tasowa, kuma tun kafin a je nesa akwai masu noman rani da makiyaya da ke shan ruwan. A haƙa kududdufi biyu a jere, laka ta kwanta a na farko, a janye ruwan na biyu a sake wanki da shi.

Ba duk baƙin yashi mai nauyi ne kuza ba. A cikinsa akwai kwalambait, da baƙin yashin ƙarfe mai ƙarancin daraja, da zarkon da monazait. Gwaji mai sauƙi shi ne a goga ƙwayar a bayan farin tangaran marar sheƙi: kuza tana barin layi fari ko ruwan ƙasa mai haske, kwalambait kuwa tana barin layi mai duhu, daga ja-ja zuwa baƙi. Mayen ƙarfe ba ya ɗaukar kuza, kuma da wannan dabara ce injinan da ke wuraren tacewa a Jos da Bukuru suke rarrabe su bayan an busar da kayan. Shanya tana sauri da hunturu, da marka kuwa sai an tanadi rumfa.

Abin da ya rage bayan tacewa yana da haɗarin da ido ba ya gani. Monazait da zarkon suna ɗauke da sinadarai dangin yuraniyom, masu fitar da tururin da ke cutar da jiki idan an daɗe tare da su. Kada a ajiye buhunan wannan yashi a ɗakin kwana, kada a yi gini ko yaɓe da shi, kada kuma a soya gyaɗa da shi. Mai aiki kusa da injin tacewa ya rufe hanci da baki. Haka nan kada a kai dutsen ma'adini cikin gida a daka shi inda yara ke wasa, musamman ga masu aikin dalma a Wase, domin ta wannan hanya ce gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010.

Sayarwa

Tsantsar kuza tana ɗauke da ƙarfe kusan kashi 79 cikin 100, kuma masu saye suna biya ne gwargwadon yadda kayanka suka kusanci wannan mataki, saboda haka wanki mai kyau kuɗi ne. Ka sayar wa mai takardar izinin saye da mallakar ma'adini, ka tsaya a auna a gabanka, ka karɓi rasit. Farashin yana bin kasuwar ƙarafa ta Landan da canjin dala, domin kusan rabin kuzar duniya ana amfani da ita ne wajen liƙa wayoyin cikin kayan lantarki. Kasuwar tana iya faɗuwa ba zato, kamar yadda ta yi a Oktoba 1985, faɗuwar da ta ƙarasa durƙusar da manyan kamfanonin Filato. Saboda haka kada ka ci bashin da za a biya da kuzar da ba a haƙo ba tukuna, musamman daga hannun mai saye da zai ɗaure ka da farashinsa.

Idan diga ta ci karo da mutum-mutumin yumɓu ko wani tsohon abu, a dakata a sanar da gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Kayan tarihin Nok da duniya ta sani masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928, kuma sayar da irinsu laifi ne.

Rufe rami

Aikin rufewa yana farawa ne tun ranar da aka fara haƙa, ta hanyar kankare baƙar ƙasar sama a tara ta gefe ɗaya ba tare da an gauraya ta da jan yumɓu ba. Idan an gama, a mayar da duwatsu da tsakuwa ƙasa, yumɓu ya biyo baya, baƙar ƙasar ta zo a ƙarshe, kuma a yi hakan kafin ruwan Afrilu, domin ramin da ciyawar damina ta rufe bakinsa tarko ne ga yara da shanu. A ɗan tula ƙasar sama da daidai, saboda za ta zauna bayan damina ta farko, sannan a dawo a ƙara. Itacen turare da aka dasa a tsofaffin filayen kamfanoni yana riƙe ƙasa, amma yana shan ruwa da yawa, don haka inda mai gona yake son komawa noman acca, masara ko dankalin Turawa, taki da ciyawa sun fi masa amfani. Babban ramin da ba zai ciku ba a sassauta gangarar bakinsa, a kafa shinge da alamar gargaɗi, domin tafkunan kuza suna da zurfi tun daga gefe, ruwansu kuma yana da sanyin da ke ɗaure ƙafar mai iyo. Idan za a yi noman rani na kabeji, karas ko tumatir da ruwan, kamar yadda ake yi a tafkuna da yawa a Jos ta Kudu da Barkin Ladi, a fara kai samfurinsa ɗakin gwaji a tabbatar da lafiyarsa, kuma a rubuta a cikin yarjejeniyar farko wanda zai mallaki tafkin bayan masu haƙa sun tashi.